Kamfanin yawon buɗe ido na masu neman jinsi ɗaya a Ingila: ga sammaci, ga ɓata suna, da wanne za a fara?

Zulai_Leeds

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san dokar kasuwancin tafiye-tafiye ta Ingila ce. Ba muhawarar halal da haram nake son buɗewa ba, wannan kowa ya san inda zai kai ta. Shari'ar kasuwanci zalla nake tambaya.

A ce ƙaramin kamfani ne mai rajista a Ingila, ma'aikata uku ko huɗu, sana'arsa shirya wa masu neman jinsi ɗaya tafiyar hutu. Yakan haɗa tikitin jirgi da otal da mai zagayawa da baƙi, ya sayar a dunƙule. Sai ya kai ayarin mutum ashirin wata ƙasa. Da otal ɗin da aka kama ya gane ko su wane ne, ya hana su ɗakunan da aka riga aka biya, aka kwashe su zuwa wani wanda bai kai na farko ba, aka kuma soke yawon kwana biyu daga cikin bakwai. Bayan an dawo, mutum shida suka ce a mayar musu da kuɗinsu kaf. Biyu sun riga sun shigar da ƙara, wasu sun kai kuka bankinsu. Ɗaya kuma ya hau Trustpilot, shafin da masu saye ke rubuta sharhi kan kamfanoni, da Facebook yana kiran mai kamfanin ɗan damfara da sunansa, har yana cewa kamfanin ba shi da lasisi, alhali yana da shi.

Abin da nake son sani: tunda otal ne ya yi laifin, me zai sa kamfani ya biya? Zai iya maka mai rubutun a kotu kan ɓata suna? Kuma ya halatta ya fito da rasit da saƙonnin WhatsApp na tafiyar don ya wanke kansa a idon jama'a?

Barista_Sambo

Wa alaikumus salam, Malama Zulai. Tambayoyinki uku ne, amma wadda ta fi gaggawa ba ki yi ta ba, wato takardun ƙarar nan guda biyu. Mai kamfani a irin wannan hali hankalinsa kan koma kan mai zaginsa a intanet, da shi yake kwana da shi yake tashi, takardar kotu kuwa tana kan tebur ko buɗe ta bai yi ba. Daga ranar da doka ta ɗauka takardar ta iso shi, kwana 14 gare shi ya mayar da amsa. In ya aika da shaidar cewa ya karɓa, wa'adin ya zama kwana 28. In ya yi shiru, mai ƙara zai nemi a yanke hukunci a bayan idonsa, kuma za a ba shi ba tare da an saurari kowa ba. Hukuncin yakan shiga rajistar hukunce-hukuncen bashi ya zauna shekara shida, sai dai in an biya duka cikin wata ɗaya. Banki na duba rajistar nan, kamfanin da ke karɓar masa kuɗin kati na dubawa, masu ba da bashi ma haka. Wannan tabo ya fi rubutun Facebook ɗari illa.

To, me zai sa ya biya? Dokar tafiyar dunƙule ce, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2018. Duk wanda ya haɗa hidima iri biyu ko fiye ta tafiya ɗaya, kamar jirgi da masauki, ya sayar, shi ne doka ta kira mai shiryawa. Sashe na 15 ya ɗora masa alhakin kowace hidima da ke cikin yarjejeniyar, ko shi ya yi ta da hannunsa ko wani ya ba kwangila. Matafiyi bai san otal ba, wanda ya karɓi kuɗinsa ya sani. Kotun Ƙolin Birtaniya ta nuna nisan wannan alhaki a 2021, a ƙarar da wata mata ta kai kamfanin shirya tafiye-tafiye na Kuoni bayan ma'aikacin wani otal a Sri Lanka ya ci zarafinta. Wancan hukunci a ƙarƙashin tsohuwar dokar 1992 aka yi shi, amma tunanin ɗaya ne, kuma Kuoni ne ya sha kaye. Abin da ya rage wa kamfani shi ne sashe na 29, wanda ya bar masa hakkin bin otal ɗin ya biya shi. A takarda da kyau. A aikace, bin otal a kotun ƙasar da ita kanta ta haramta abin da aka kore su dominsa, wahala ce kawai.

Amma fa biyan kaf da suke nema ba lallai su samu ba, don sun hau jirgi, sun kwana, sun yi yawon kwana biyar. Abin da sashe na 16 ya ba su shi ne ragin farashi daidai da abin da ya tawaya, sai diyya in akwai asara. Ga misalin lissafi. A ce kowa ya biya fam 1,400, fam 400 daga ciki na jirgi ne. Saura fam 1,000 a kwana bakwai, kusan fam 143 ke nan kowace rana. Kwana biyun da suka lalace sun tashi fam 286. In bambancin otal ɗin biyu fam 30 ne a dare, a sauran kwana biyar an ƙara fam 150. Sai a ɗora wani abu na ɓacin rai da rasa jin daɗin hutu, wanda kotunan Ingila ke bayarwa tun shari'ar Jarvis da Swans Tours a farkon shekarun 1970. A nan zan yi tsammanin alƙali ya ɗan saki hannu, domin wulaƙanci a gaban kantar otal ba daidai yake da famfo ya ƙi kawo ruwa ba, kuma abin da kamfanin ke sayarwa tun farko shi ne tabbacin ba za a wulaƙanta su ba.

Akwai kariya ɗaya da masu kamfani ke son rugawa gare ta, ta yanayin da ya fi ƙarfin kowa. Dokar ta fassara shi da abin da ba ya hannunka, kuma ba za ka iya kauce wa sakamakonsa ba ko da ka ɗauki duk matakin da ya dace. Ko ta tsaya, diyya kawai take kaɗewa, ragin farashi na nan. Kuma otal ɗin da kai ka zaɓa ya ƙi baƙinka bai shiga ciki ba. Inda ake iya jan magana shi ne in hukuma ce ta hana. An yi irin wannan: a 1998 tsibiran Cayman sun hana jirgin ruwan da kamfanin Atlantis ya yi haya don masu neman jinsi ɗaya ya tsaya, a Yulin 2012 kuma jirgin Nieuw Amsterdam da kamfanin RSVP Vacations ya ɗauka don irin wannan tafiya ya fasa tsayawa a Kasablanka ya karkata zuwa Malaga, ko da yake hukumomin Maroko sun musanta cewa su suka hana. Sai dai waɗannan misalai takobi ne mai kaifi biyu. Lauyan ɗaya ɓangaren zai ce tunda an san haka na faruwa, kuma sashe na 489 na dokar laifukan Maroko da ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara uku kan tarayyar jinsi ɗaya ba yau aka rubuta shi ba, wane tanadi ka yi?

Ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba takan bi layin ƙananan ƙararraki, inda ko ka yi nasara ba a mayar maka da kuɗin lauya. Tun Mayun 2024 akasarin irin waɗannan sai an bi ta zaman sulhu na awa ɗaya ta waya, kyauta. Shawarata ya tafi zaman da lissafinsa a rubuce, ya yi tayi mai ma'ana, kuma tayin ya zama iri ɗaya ga duk mutum ashirin, har da waɗanda ba su yi ƙorafi ba. Suna rukunin WhatsApp ɗaya. Ranar da aka ba wani 600 aka ba wani 250, kafin magariba kowa ya ji.

Akanta_Bala

Barista ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Gyara ɗaya zan yi masa: kafin a yi wa kowa tayi, a kira masu inshora. Inshorar alhakin masu shirya tafiye-tafiye kusan duk tana ɗauke da sharuɗɗa biyu: ka sanar da su da zarar ka ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙara, kuma kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya sai da yardarsu a rubuce. Imel ɗaya na “mun yi kuskure, za mu biya kowa” da aka tura cikin dare don a kwantar da hankali na iya ba su ƙofar zamewa. Jajantawa daban, amsa alhaki daban. Wasiƙar tayin sulhu kuma a rubuta kalmomin without prejudice a samanta, don kada a kafa hujja da ita a gaban alƙali in sulhu ya rushe.

Waɗanda suka je banki hanya biyu gare su. Wanda ya biya da katin bashi, kuma kuɗin tafiyar ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya sa bankinsa ya zama abokin tarayya a alhakin. Banki ya biya shi, ya juyo kan kamfani. Ɗaya hanyar ita ce janye kuɗi ta ƙa'idar Visa ko Mastercard, wadda ba dokar majalisa ba ce, tsarin masu katin ne, kuma galibi kwana 120 ake ba mai kati. A nan ana cire kuɗin daga asusun kamfani tukuna, sannan a ba shi ɗan gajeren wa'adi ya kawo hujja. Hujjar ita ce sharuɗɗan da mutumin ya amince da su, shaidar ya hau jirgi, takardar otal na biyu, da tayin da aka yi masa. In wa'adin ya wuce, shi ke nan.

A buɗe jadawali ɗaya: sunan kowane matafiyi, abin da ya biya, ta wace hanya, da inda ya kai kuka. Yakan faru mutum ya karɓa ta banki, ya kuma karɓa ta sulhu, ba don mugunta ba, don ɓangarorin biyu ba su san da juna ba.

Abin da ke kashe ƙananan kamfanoni a nan ba hukuncin kotu ba ne. Kamfanin da ke karɓar musu kuɗin kati ne, in ya ga janye-janye sun yi yawa, sai ya fara riƙe wani kaso na kowane ciniki na tsawon watanni, ko ya rufe asusun. Daga nan jarabar taɓa kuɗin tafiyar gaba don a biya bashin ta baya take shigowa. In kuɗin matafiya a asusun amana suke, taɓa su kafin a kammala tafiya karya doka ne. In kuma daraktan ya san, ko ya kamata ya sani, cewa kamfanin ba zai tsallake rushewa ba, ya ci gaba da karɓar kafin alƙalami, sashe na 214 na dokar fatarar kuɗi ta 1986 na iya sa a bi aljihunsa na kansa. Ya zauna ya yi lissafin kuɗin shiga da fita na mako goma sha uku masu zuwa. In bai rufe ba, ya ga ƙwararren mai kula da kamfanonin da suka durƙushe tun da sauran numfashi.

Zulai_Leeds

Na gode ƙwarai, Barista da Malam Bala. Na fahimci kotu da inshora ne a gaba. Amma maganar “ba shi da lasisi” ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce ke korar sababbin masu saye. A zuba mata ido ke nan?

Barista_Hadiza

A'a ƙanwata, ba a zuba mata ido ba, amma ba kotu ce tashar farko ba.

Ki raba kalaman gida biyu. “Ba shi da lasisi” magana ce da ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Kamfanin da ke sayar da dunƙulen da jirgin sama ke ciki dole ya riƙe lasisin ATOL daga hukumar sufurin jiragen sama ta CAA, lasisin yana da lamba, kowa na iya bincika ta a shafin hukumar, kuma shi mai rubutun an ba shi takardar shaidar ATOL tun ranar da ya fara biya. Wannan mai sauƙi ce. “Ɗan damfara” kuwa ya danganta da yadda aka jera maganar. In ya ce an karɓi kuɗinsa da niyyar cuta, zargin laifi ne. In ya zayyana abin da ya same shi sannan ya ce shi a ganinsa damfara ce, zai fake da sashe na 3 na dokar ɓata suna ta 2013, wato ra'ayin da mutum ya riƙe tsakaninsa da Allah bisa abin da ya faru. Kuma abin ya faru ɗin, an hana su ɗaki.

Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2014, kuma ta ɗaga wa kamfanoni katanga. Mutum sai ya nuna an yi wa sunansa mummunar illa. Kamfani mai neman riba kuwa sai ya nuna babbar asarar kuɗi, ko alamar za ta auku. Kotun Ƙoli a shari'ar Lachaux ta 2019 ta ce illar sai an nuna ta da abin da ya faru a zahiri, ba da munin kalmomin kaɗai ba. Matsalar kamfaninki ita ce, in ciniki ya faɗi, ta yaya zai raba asarar da ƙaryar lasisi ta jawo da wadda gaskiyar labarin otal ta jawo? Sai in yana da saƙon wani mai saye da ya rubuta cewa ya fasa ne saboda ya karanta ba su da lasisi. Irin wannan saƙo a adana shi kamar zinariya. Shi mai kamfanin, tunda an kira sunansa, zai iya ƙara a ƙashin kansa ba tare da nuna asarar kuɗi ba. Wa'adin shigar da ƙara shekara ɗaya ne daga ranar da aka fara wallafawa. A Babbar Kotu ake yin ta, wanda ya faɗi shi ke ɗaukar kuɗin shari'a, kuma kuɗin kan ninka diyyar da ake nema.

Ko an ci nasarar ma, a dubi abin da ya sami ofishin lauyoyi na Summerfield Browne. A farkon 2021 kotu ta ba su fam 25,000 a kan wani tsohon mai hulɗa da su da ya zage su a Trustpilot. Da labarin ya fita a jaridu, mutanen da ba su taɓa taka ofishin ba suka yi wa shafinsu ruwan munanan sharhi, har Trustpilot ya dakatar da rubutu a kai. Garin neman gira aka rasa ido. Waɗannan lauyoyi ne. Kamfanin da duk kasuwarsa al'umma ce ƙarama mai jin labarin juna, ranar da aka ji ya kai ɗaya daga cikinsu kotu bayan an wulaƙanta shi a otal, ya gama yawo.

Abin da za a yi shi ne a ɗauki hoton rubutun da adireshinsa da rana da lokaci kafin a taɓa komai. A kai rahoto ta hanyar ƙorafin dandalin, a nuna jimla ɗaya tak wadda take ƙarya, a haɗa lambar lasisin. Rahoton da ya ce “duk rubutun sharri ne” ba a kula shi. Akwai kuma sanarwar sashe na 5 na dokar ɓata suna, inda mai dandali ke da awa 48 na ranakun aiki ya miƙa ƙorafin ga marubucin, shi kuma kwana biyar ya amsa, in bai amsa ba a sauke rubutun. Sai dai bin wannan tsari ba tilas ba ne a kan dandali, kuma manyan na Amurka sun fi bin nasu fom. Bayan haka wasiƙa ɗaya ga marubucin, cikin ladabi, a nemi ya gyara jimlar lasisi kawai, a bar masa sauran. Mutane da yawa kan gyara in ba a nemi su haɗiye duk fushinsu ba. Kada a ɗaura biyan hakkinsa da sharaɗin sai ya goge rubutu, don hakkin nasa doka ce ta ba shi, kuma hoton wannan sharaɗi shi ne rubutunsa na gaba.

Amsar fili ta zama gajera: ga lambar lasisinmu, ga inda za a duba, otal ya saɓa yarjejeniya, mun daina aiki da shi, muna biyan waɗanda abin ya shafa. Kada a sa 'yan'uwa da abokai su cika shafin da yabon ƙarya don a binne zagin. Tun 6 ga Afrilu 2025 rubuta sharhin bogi ko sa a rubuta haramun ne a dokar kare masu saye ta Birtaniya, kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta CMA na iya cin tarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani.

Injiniya_Kabir

Tambaya ta uku, ta rasit da WhatsApp, ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ita ce ta bambanta wannan kamfani da mai sayar da tikitin Dubai. Amsar ita ce a'a, kada ya kuskura.

A dokar kare bayanai ta Birtaniya, sashe na 9 ya ware wasu bayanai da ya ba kariya ta musamman, kamar lafiya da addini, har da jinsin da mutum ke nema. Ba sai takarda ta faɗa ƙarara ba. Kotun Tarayyar Turai a Agustan 2022, a wata shari'a daga Lithuania, ta ce bayanin da za a iya gano hakan daga gare shi a kaikaice shi ma ya shiga. Hukuncin bai ɗaure kotunan Ingila ba tunda sun fice, amma hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ita ma na kallon irin wannan hasashe. Sunan mutum a jerin fasinjojin wannan kamfani kusan ya faɗi komai. Dokar ta yarda a yi amfani da bayanan don kare kai a shari'a, wato a miƙa wa lauya da kotu da masu inshora. Facebook ba kotu ba ne. Shi mai zagin, in da sunansa na gaskiya ya yi rubutu, ya bayyana nasa da kansa. Sauran goma sha taran da sunayensu da lambobinsu da hotunansu ke cikin rukunin ba su bayyana komai ba. Wani iyalinsa ba su sani ba, wani wurin aikinsa, wani kuma fasfon ƙasar da ake ɗaure mutum a kan haka yake riƙe da shi. Shafe suna da baƙin layi a waya ba ya isa, don hoton fuska na gefe da salon magana na tona mutum. In kuma da sunan ɓoye ya yi rubutun, ko kiransa da sunansa na gaskiya a amsa ya zama fallasa.

Kuskuren da ya fi yawa ma ba na ganganci ba ne. Mai kamfani ya zauna zai tura wa ayarin duka wasiƙar bayani, ya zuba adireshi ashirin a layin da kowa ke gani. Haka ya faru da asibitin 56 Dean Street a Landan a Satumbar 2015, aka tura wasiƙar labarai ga mutum kusan 780 masu hulɗa da sashen cutar HIV kowa na ganin adireshin kowa, ICO ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016. A tura wa kowa tasa daban. In an riga an yi kuskuren, awa 72 ne wa'adin sanar da ICO daga lokacin da aka gane, kuma a sanar da mutanen da kansu ba tare da jinkiri ba. Ƙololuwar tara fam miliyan 17.5 ne ko kashi 4 cikin ɗari na ciniki. Ƙaramin kamfani ba zai ga irin wannan ba, amma kowane mutum na iya neman diyyarsa daban.

Sai abu biyu masu kama da saɓani. Kada a goge komai na wannan tafiya yanzu, ko saƙo ɗaya, domin goge hujja bayan an san da ƙara ya fi abin da ke cikin saƙon muni a idon alƙali. Amma kofen fasfo na tafiye-tafiyen shekarun baya da ke zube a imel da wayar ma'aikata, waɗanda ba su da alaƙa da rigimar kuma babu dalilin riƙe su, a share. Kuma a sa rai ɗaya daga masu ƙarar zai nemi a ba shi duk bayanan da aka riƙe a kansa. Wata ɗaya ne wa'adin, kuma hirar da ma'aikata suka yi a kansa a bayan fage na iya shiga ciki. A ja musu kunne tun yau.

Malam_Nura_Agent

Abin da zan ƙara na gaba ne, don kada a maimaita. Imel ɗin “muna maraba da kowa” daga sashen talla na otal ba yarjejeniya ba ce. A rubuta a kwangila cewa baƙin maza biyu ne ko mata biyu a ɗaki mai gado ɗaya, babban manaja ya sa hannu, a sa tarar saɓawa, a riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan baƙi sun shiga ɗaki, a kuma sake tabbatarwa kwana uku kafin isowa, domin manaja na canzawa. Kafin gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, 'yan jaridar Norway da Sweden da Denmark sun tuntuɓi otal 69 da ke jerin FIFA a matsayin ma'aurata maza, uku suka ƙi su kai tsaye, wasu suka ce su zo amma kada su nuna. Jerin hukuma ma bai isa shaida ba. A tanadi otal na biyu mai daraja ɗaya. A kuma tura wa kowane matafiyi shawarar ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya kan dokokin ƙasar kafin ya biya, a ajiye shaidar ya gani. Kalmar “babu haɗari” kada ta fito a talla ko kusa.

Duk wannan bayani na Ingila ne, inda sana'ar halastacciya ce a doka, rigimar kuma ta kuɗi ce. Kada wani ya ɗauka haka take ko'ina. A Rasha Kotun Ƙoli ta ayyana abin da ta kira ƙungiyar LGBT ta duniya, wato ta masu neman jinsi da makamantansu, a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi ranar 30 ga Nuwamba 2023. Bayan shekara guda aka kama shugaban wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Mosko, Men Travel, bisa wannan tuhuma. Ya musanta, aka kuma tsinci gawarsa a gidan wakafi a ƙarshen Disambar 2024. A Najeriya dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya tafiyar da ƙungiya ko kulob na masu neman jinsi, ban da dokokin shari'ar Musulunci a jihohin Arewa goma sha biyu. Kamfanin Ingila da ke da direba ko mai zagayawa da baƙi a irin waɗannan ƙasashe ya sani cewa sunan da ya wallafa don wanke kansa, wani ne zai kwana a caji ofis a kansa.

Barista_Sambo

Malam Nura ya tuna mini da abu ɗaya. Da a cikin Birtaniya otal ɗin yake, da lissafin ya juye. A Nuwambar 2013 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukunci a kan masu wani masauki a Cornwall da suka hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya, kuma an ba kowannensu fam 1,800. Yau dokar daidaito ta 2010 ce ke aiki, matafiyan za su iya bin otal ɗin kai tsaye. Amma dokar nan ta hau kan kamfanin shi ma. Yana iya tallata tafiyarsa ga wanda ya ga dama, sai dai in miji da mata suka zo saye ya ce ba ya sayar musu don ba masu neman jinsi ba ne, sashe na 29 na dokar daidaiton ya kama shi. Malama Zulai, in kina duba sharuɗɗan irin wannan kamfani, ki nemi wannan layin, yawanci yana shafin tambayoyi da amsoshi, ba a cikin kwangilar ba.